Mai Kemis da Mijin Mara Lafiya: Tarihin Tambayar da Kamfanoni Suka Gada

Wannan karon za mu bi sawun wata muhawara da aka shafe fiye da shekara ɗari ana tafkawa: shin bayan biyan haraji da bin doka, akwai wani haƙƙin al'umma da ya rage a wuyan kamfani, ko kuwa neman riba ne kaɗai aikinsa? Mun zaɓi mu bi ta ɓangaren kamfanonin magani, domin a nan ne tambayar take komawa batun rai da mutuwa, kuma a nan ne ta shafi Kano da Nijar kai tsaye.

Bari mu fara da wata shari'a da aka yi a Amurka. A shekarar 1914 Henry Ford, mai kamfanin motoci, ya ɗaga albashin ma'aikatansa zuwa dala 5 a rana, yana kuma ta rage kuɗin motarsa. A 1916 sai ya ce ya daina raba wa masu hannun jari ribar musamman da ya saba ba su, zai zuba kuɗin a sababbin masana'antu domin mutane su samu aiki, talaka kuma ya iya sayen mota. Wasu 'yan'uwa biyu, John da Horace Dodge, waɗanda ke da kashi 10 cikin 100 na kamfanin, suka maka shi a kotu. A 1919 kotun ƙoli ta jihar Mishigan ta umarci Ford ya raba sama da dala miliyan 19, bisa hujjar cewa ana kafa kamfani ne da farko domin amfanin masu hannun jarinsa. Bayan rabin ƙarni, a watan Satumbar 1970, masanin tattalin arziki Milton Friedman na jami'ar Shikago ya ƙarfafa wannan ra'ayi a wata maƙala da ta yi suna. A ganinsa shugaban kamfani ɗan aike ne na masu dukiya, idan ya ɗebi kuɗinsu ya yi aikin alheri, to da aljihun wani ya yi kyauta. Aikinsa shi ne ya nemo riba cikin doka, ba tare da yaudara ko zamba ba.

A wannan jami'a ta Shikago, shekara goma sha biyu kafin maƙalar Friedman, wani ɗalibi mai suna Lawrence Kohlberg ya kammala digirinsa na uku a 1958. Shi ba ruwansa da kasuwa. Abin da ya dame shi shi ne yadda yaro ke koyon rarrabe daidai da kuskure, inda ya ɗora a kan aikin da Jean Piaget na ƙasar Siwizalan ya wallafa a 1932. Kohlberg ya tara yara maza 72 masu shekara 10 da 13 da 16, yana ba su gajerun labarai masu ɗaure kai. Wanda ya fi shahara shi ne na wani mutum mai suna Heinz, wanda matarsa ke kwance rai a hannun Allah. Akwai magani ɗaya da zai iya cetonta, wani mai kemis a garin ne ya haɗa shi. Dala 200 ya kashe, amma dala 2,000 yake sayarwa. Heinz ya bi dangi da abokai, da ƙyar ya haɗa rabin kuɗin. Ya roƙi a yi masa ragi ko a ba shi bashi, mai kemis ya ƙi. Shin ya fasa shagon ya saci maganin?

Kohlberg bai damu da ko yaro ya ce "e" ko "a'a" ba. Dalilin da yaron zai kawo shi yake saurare, kuma daga dalilan ne ya fitar da matakai shida. A na farko mutum yana gudun laifi ne saboda tsoron hukunci. Na biyu shi ne matakin ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda, inda ake yin alheri domin abin da zai dawo. A na uku ana neman mutane su ce wane mutumin kirki ne. A na huɗu doka da oda ake duba, domin in kowa ya bi son ransa gari ba zai zaunu ba. A na biyar mutum ya gane cewa doka yarjejeniya ce da aka ƙulla domin kare rai da haƙƙi, ana iya gyara ta idan ta kasa. A na shida yana bin adalci ko da doka da jama'a duk sun juya masa baya, kuma Kohlberg da kansa ya sha wahalar samun masu wannan mataki a cikin waɗanda ya yi wa tambayoyi.

A 1982 Carol Gilligan, wadda ta yi aiki da shi a jami'ar Harvard, ta ƙalubalanci wannan tsani. Ta ce da yara maza zalla aka gina shi, shi ya sa ya fifita lissafin doka a kan kula da zumunci. Ta kawo misalin wata yarinya 'yar shekara 11 da ta ƙi yarda cewa zaɓi biyu ne kawai. Yarinyar ta lura cewa idan aka ɗaure Heinz babu mai jinyar matarsa, don haka a koma a zauna da mai kemis a nemi mafita. Wannan ya ja hankali zuwa ga mutumin da aka manta da shi a labarin. An daɗe ana yi wa Heinz tambayoyi, amma wanda ya sanya farashin fa? A 1991 wasu malamai biyu, Reidenbach da Robin, suka ari tsarin matakan suka ɗora wa kamfanoni. Sun jera matakai biyar, daga kamfanin da riba kawai ya sani, zuwa mai bin doka don gudun tara, zuwa mai kyautatawa don kare sunansa, har zuwa wanda gaskiya ta zame masa ɗabi'a.

To, me tarihi ya nuna? Mu ɗauki kamfanin Merck. A shekarun 1970 wani masani ɗan Japan, Satoshi Omura, ya aika wa kamfanin wasu ƙwayoyin halitta da ya samo a cikin ƙasa. Daga cikinsu William Campbell da abokan aikinsa suka samar da maganin ivermectin, wanda aka fara sayarwa a 1981 domin kashe tsutsar jikin dabbobi, kuma ya kawo kuɗi masu yawa. Campbell ya yi tunanin zai iya aiki a kan cutar makanta da baƙin ƙudan bakin rafi ke yaɗawa, wadda ta sa manoma suka gudu daga ƙauyuka masu dausayi a Afirka ta Yamma. Wani likitan kamfanin, Mohammed Aziz, ya jagoranci gwaji a Dakar, aka ga ƙwaya sau ɗaya a shekara tana aiki. Matsalar ita ce masu cutar ba su da ko kwabon saye, kuma babu gwamnati ko hukumar da ta yarda ta biya. A watan Oktobar 1987, shekarar da Kohlberg ya rasu, shugaban kamfanin Roy Vagelos ya sanar cewa za su riƙa bayar da maganin, mai suna Mectizan, kyauta ga duk mai buƙata har zuwa lokacin da buƙatar za ta ƙare. Alkawari ne mai nauyi, domin maganin ba ya kashe manyan tsutsotsin, sai an yi shekara goma zuwa sha biyar ana sha. Omura da Campbell sun samu kyautar Nobel a 2015. A watan Janairun 2025 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da Nijar a matsayin ƙasar farko a Afirka da ta rabu da cutar, bayan feshin maganin ƙwari da aka soma tun shekarun 1970 da kuma rabon wannan magani.

Ɗaya labarin a gidanmu ya faru. A 1996 annobar sanƙarau ta ɓarke a Arewa, ta kashe fiye da mutum 10,000. Ana tsakiyar haka tawagar kamfanin Pfizer ta sauka a asibitin masu cututtuka masu yaɗuwa na Kano da wani sabon magani mai suna Trovan. Yara kusan 200 aka sa a gwajin. Rabinsu aka ba su Trovan, rabi aka ba su sanannen maganin ceftriaxone. Yara 11 suka rasu, biyar a rukunin farko, shida a na biyu, wasu kuma suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. A watan Disambar 2000 jaridar Washington Post ta bankaɗo maganar. Iyalai suka ce ba a faɗa musu gwaji ake yi ba, kuma babu takardar amincewa da suka sa wa hannu. An kuma gano cewa takardar izinin kwamitin ɗa'a da aka gabatar, an mayar da kwanan watanta baya. Kamfanin ya musanta aikata laifi, ya ce an nemi yardar iyaye da baki, kuma sanƙarau ne ya yi kisan da nakasar. A 1999 hukumomin Amurka sun riga sun taƙaita amfani da Trovan saboda illarsa ga hanta.

Gwamnatin Kano ta shigar da ƙara a 2007, aka yi sulhu a 2009 kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Sai a 2011, shekara 15 bayan annobar, iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowannensu. Akwai kuma asarar da ba ta shiga takardar sulhu ba. Lokacin da Kano ta dakatar da allurar rigakafin shan inna daga 2003 zuwa 2004, maganar Trovan tana cikin abubuwan da masu shakka suka riƙa kafa hujja da su, kuma cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashe da dama. Yaran da ba a ma haife su ba a 1996 sun ɗanɗani kuɗar amanar da ta zube.

A daidai waɗannan shekaru labarin Heinz ya fito fili a Afirka ta Kudu. A 1998 kamfanonin magani suka kai gwamnatin Mandela kotu kan dokar da za ta sauƙaƙa shigo da magani mai rahusa, alhali maganin cuta mai karya garkuwar jiki yana cin kusan dala 10,000 a shekara ga mutum ɗaya. A farkon 2001 kamfanin Cipla na Indiya ya yi tayin bayar da shi kan dala 350. Zanga-zanga ta yi ƙarfi a duniya, sai a watan Afrilun 2001 kamfanoni 39 suka janye ƙarar. Kunya ce ta janye su, wato mataki na uku a lissafin Kohlberg. Tun kafin nan Kofi Annan ya yi kira ga kamfanoni a taron Davos na 1999 da su ɗauki kansu 'yan ƙasa masu nauyi a wuya, abin da ya haifar da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya da kamfanoni a 2000. Sai dai shiga yarjejeniyar ganin dama ne, babu kotun da ke hukunta wanda ya saɓa.

Da za mu tsaya a nan, da sai mu ce ga kamfanin kirki ga na banza. Tarihi bai ba mu wannan sauƙin ba. Merck da ya yi kyautar Mectizan shi ne ya janye maganin ciwon gaɓoɓi na Vioxx a 2004 saboda haɗarin bugun zuciya, ya kuma amince ya biya dala biliyan 4.85 a 2007 don kashe dubban ƙararraki. Pfizer kuwa, tun 1998 ya taimaka aka kafa shirin yaƙi da amosanin ido, yana bayar da maganin Zithromax kyauta, Najeriya da Nijar suna cikin masu amfana. Kohlberg ya ɗauka mutum yana hawa tsanin ne bi da bi, ba ya komowa ƙasa. Kamfani kuwa taron mutane ne masu shigowa da fita. Shugaba yana sauyawa, sashen bincike na iya tunani irin na mataki na biyar yayin da sashen talla ke na biyu. Mu kan ce hali zanen dutse, to na kamfani ya fi kama da zanen kan yashi, wanda ke riƙe da sanda a ranar shi ke zanawa. Shi ya sa aka ga doka da 'yan jarida da kotu da matsin lambar jama'a sun yi aiki a wuraren da kyakkyawar zuciyar shugaba ba ta halarta ba.

Ga mu masu koyon rubutu, akwai abin ɗauka a nan. Attajirai sun cika littattafanmu, amma yawanci iri biyu ne: Alhajin da ke rabon kuɗi ba lissafi, da azzalumin da ba a san abin da ya mai da shi haka ba. Idan muka sa mai kemis a labari ya hana magani, mu bar mai karatu ya ji dalilinsa. Wataƙila bashin banki ne a kansa, ko abokin jarinsa ne ya tsare shi, ko kuma tsoro yake idan ya yi wa mutum ɗaya ragi gobe layi zai kai bakin titi. Haka in ya bayar, mu nuna ko tausayi ne, ko neman suna, ko gudun abin da za a faɗa a majalisa. Mutum biyu na iya yin aiki iri ɗaya da dalilai mabambanta, kuma a dalilin ne halin ɗan wasa yake bayyana. Sannan idan muna rubuta tarihi irin na 1996, inda iyalan da abin ya shafa ke raye a cikinmu, wajibi ne mu raba abin da aka tabbatar da abin da aka yi zargi, mu kawo maganar wanda ake tuhuma, mu kuma kiyaye adadi yadda yake.

Aikin wannan mako: kowa ya rubuta shafi ɗaya na labarin Heinz daga bakin mai kemis, a daren da ya kori mijin ya kulle shagonsa. A ajiye a ƙarƙashin wannan rubutu, mu duba tare.