Sunan Yanka da Laƙabi: Tarihin Sunayen Makarantunmu da Yadda Za a Rubuta Su a Littattafan Hausa

1.0 Gabatarwa

A watan Disamba na 2024 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da a sauya wa Jami'ar Abuja suna zuwa Jami'ar Yakubu Gowon. An kafa wannan jami'a a 1988, ta fara karatu a Gwagwalada a 1990, kuma dubban mutane suna riƙe da takardun shaida masu ɗauke da tsohon sunanta. Ga marubucin littafin karatu na Hausa, wannan sauyi ya farfaɗo da tsohuwar tambaya: idan makaranta tana da sunan da doka ta raɗa mata, tana kuma da wanda jama'a suke kiran ta da shi, wanne ya cancanci shiga littafin ɗalibi? Wannan muƙala za ta bibiyi tarihin al'amarin a ƙasar Hausa, domin masu tsara manhaja su sami madogara.

2.0 Daga Makarantar Ɗan Hausa zuwa Barewa

Bahaushe yana bambanta sunan yanka da laƙabi, kuma sau da yawa laƙabin ne yake danne sunan yankan. Tun farkon zuwan boko aka yi wa makarantu irin wannan. Makarantar da Hanns Vischer ya buɗe a Nassarawa ta Kano a 1909, Kanawa ba su san ta da wani suna ba sai Makarantar Ɗan Hausa, wato laƙabin da suka yi wa Baturen ne ya bi makarantar. Haka makarantun da suka biyo baya suka shiga bakin mutane da sunayen Elemantare da Midil, bayan harshe ya sarrafa kalmomin Turanci ya daidaita su da tsarin gaɓar Hausa.

Babu makarantar da ta fi Barewa nuna girman matsalar. An kafa ta a Katsina a 1921 domin horar da malamai, kuma Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a 1922. A 1938 aka mayar da ita Kaduna, ta zama Kwalejin Kaduna. A 1949 ta koma Zariya a matsayin sakandaren gwamnati, a 1956 ta zama Kwalejin Gwamnati ta Zariya, sannan a 1971 aka raɗa mata Kwalejin Barewa, sunan dabbar da take alamar makarantar. Makaranta ɗaya ke nan, da garuruwa uku da sunaye biyar cikin shekara hamsin.

To, a nan ne marubuta sukan yi tuntuɓe. Sau da yawa akan ci karo da jimla irin wannan: "Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi karatu a Kwalejin Barewa da ke Zariya." Mai jimlar ya yi nufin sauƙaƙawa, amma ya sa ɗalibi a kan hanyar da ba ta ɓullewa. Tafawa Ɓalewa ya yi karatunsa ne a Katsina daga 1928 zuwa 1933, kuma ya rasu a 1966, shekara biyar kafin a raɗa sunan Barewa. Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Imam su ma 'yan Kwalejin Katsina ne. Malam Aminu Kano da Shehu Shagari a Kaduna suka yi nasu karatun. Yakubu Gowon da Murtala Muhammed kuwa a Zariya suka yi. Idan aka kira su duka "'yan Barewa" an faɗi gaskiya ta fuskar zumunci, amma an shafe wa ɗalibi tafiyar makarantar daga gari zuwa gari, wadda ita kanta darasi ce. Idan kuma aka ambaci kowane suna shi kaɗai ba tare da bayani ba, yaro zai ɗauka makarantu uku ne dabam-dabam. Kowanne daga cikin kura-kuran nan yana iya kayar da shi a jarrabawa.

Kano ma tana da nata. Makarantar Shari'a da aka buɗe a 1934 zamanin Sarki Abdullahi Bayero ta zama Makarantar Nazarin Larabci a 1947, jama'a kuma suka taƙaita ta zuwa SAS. A harabarta ne Kwalejin Ahmadu Bello ta fara a 1960. Da aka kafa jami'a a Zariya a 1962 da sunan Sardauna, sai kwalejin Kano ta koma Kwalejin Abdullahi Bayero, har ta zama Jami'ar Bayero a 1977. Saboda haka wanda ya ga "Ahmadu Bello" a takardar 1961 ya ɗauka Samaru ake nufi, ya yi ɓatan kai.

3.0 Yadda Harshe Yake Gajarta Suna

Gajartawar ba ta kara-zube ba ce. Wani lokaci sunan wuri ne yake tsayawa a madadin makaranta, kamar Kongo da Samaru a Zariya, ko Wudil ga jami'ar da aka mayar da sunanta na Aliko Ɗangote a 2022. Wani lokaci sunan mutum ne, kamar Rumfa da Bayero da Ɗanfodiyo. Abin sha'awa ga mai nazarin nahawu shi ne jinsi ba ya bin mai sunan. Muhammadu Rumfa sarki ne, amma cewa ake yi "Rumfa ta ci kofi", domin kalmar makaranta tana nan a ɓoye tana jan ragamar jimlar. Malamin nahawu zai sami misali mai kyau a nan ba tare da ya fita daga garinsu ba.

Hanya ta uku, wato harhaɗa haruffan farko na sunan Turanci, ita ce mai wahala a rubutu. ABU da BUK da FGC sunayen haruffan Turanci ake furtawa, alhali an koya wa yaro karanta Hausa ta hanyar haɗa baƙi da wasali. Ɗan aji uku da ya ga ABU, "Abu" zai karanta, kuma bai yi laifi ba. A Birnin Tarayya abin ya fi tsanani, domin makarantun firamare na gwamnati LEA ake ce musu, sakandare kuma GSS, sai a liƙa sunan unguwa: Garki, Wuse, Kubwa, Karu. Cikakken sunan da yake kan allon ƙofa na Turanci ne, wanda yake cikin littafin Hausa fassara ce, wanda yake bakin mutane kuma dabam. Fassarar ma ba a daidaita ta ba, shi ya sa makaranta ɗaya takan fito da kama biyu ko uku a littattafan aji ɗaya.

4.0 Wanne Yake Ɗorewa?

Ba kullum ne sunan hukuma yake yin nasara ba. A ranar 29 ga Mayu, 2012, Shugaba Goodluck Jonathan ya sanar da mayar da Jami'ar Legas zuwa Jami'ar Moshood Abiola. Ɗalibai suka yi zanga-zanga, tsofaffin ɗalibai suka garzaya kotu, sauyin bai tabbata ba. Amma Jami'ar Ife da ta zama ta Obafemi Awolowo a 1987, da Jami'ar Sakkwato da ta zama ta Usmanu Ɗanfodiyo a 1988, sababbin sunayensu sun zauna daram. Sunan Abuja kansa laƙabi ne da ya zama na doka: daga Abubakar Ja, Sarkin Zazzau na Haɓe, aka sami Abu Ja. Da aka ɗauki sunan aka ba sabon birni bayan dokar 1976, tsohon garin ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau.

A ganin mai wannan nazari, marubuci ba shi da hurumin yin hasashen sunan da zai ɗore. Aikinsa ya duba lokacin da yake magana a kai. A darasin tarihi, a fara da sunan da makarantar take ɗauke da shi a shekarar da abin ya faru, a biyo da sunanta na yanzu sau ɗaya, sannan a ci gaba da gajeren suna: "Ya shiga Kwalejin Katsina a 1928, wadda a yau ake kira Kwalejin Barewa, Zariya." A darasin rubuta wasiƙar neman aiki da cike takardu, a horar da ɗalibi ya kwafi sunan kamar yadda yake a takardar shaidarsa, harafi da harafi, ko da an sauya shi daga baya, domin ma'aikacin da zai tantance takardun ba ya aiki da laƙabi. A ƙagaggen labari da wasan kwaikwayo kuwa, a bar mutane su yi magana yadda suka saba; direban da zai kai fasinja Gwagwalada ba zai jero cikakken sunan jami'a ba.

Abin da ya rage shi ne daidaita fassara. Hukumar NERDC da ke Sheda, wadda tun 1988 ta gaji aikin Cibiyar Harsuna ta Ƙasa, ita ce ta fi dacewa ta fitar da jerin sunayen manyan makarantun Arewa, kowace da sunanta na Turanci, da fassarar Hausa guda ɗaya, da tsofaffin sunayenta da shekarun sauyi. A bar gurbi a ƙarshen kowane layi, domin a watan Yuli na 2025 an sanar da sanya wa Jami'ar Maiduguri sunan Muhammadu Buhari.