Amurkawa na sayar da tsohuwar mota don sojoji, kakanninmu jirgi aka saya da kuɗinsu

1/ A Amurka akwai wata al'ada: a ɗauko tsohuwar Mustang ko Camaro ta wajen 1969 da ta yi tsatsa, makanikai su tada injin, a yi mata fenti, a kai ta gwanjo, kuɗin a bai wa sojoji da iyalansu. Mu ma an taɓa tara wa sojoji kuɗi a ƙasar nan, amma salon daban ne. Zare ne, ku biyo ni.

2/ Misali ɗaya daga can tukuna. A 2015 Jay Leno ya sa motarsa Dodge Challenger a gwanjo, kuɗin suka tafi USO, ƙungiyar da ke kula da walwalar sojojin Amurka. Motarsa ce, ra'ayinsa ne, babu wanda ya aiko masa da ɗan sanda. Ku riƙe wannan.

3/ Mu koma 1940. Jamus ta kwashe Faransa, Ingila na shan bama-bamai. Ministan ƙera jirage, Lord Beaverbrook, ya sa farashi: duk garin da ya tara fam 5,000, za a rubuta sunansa a jikin jirgin yaƙi samfurin Spitfire. A Najeriya aka buɗe asusu mai suna Win the War Fund, wato asusun cin yaƙi.

4/ An tara sosai fa. Har rundunar jirage ta 91 ta Ingila aka sa wa suna Nigeria. A Hawkinge take, bakin teku, daura da Faransa. Akwai jirgin da aka rubuta wa "Nigeria Oyo Province" a jiki, Baturen da ke jagorantar rundunar, Bobby Oxspring, shi ke tuƙa shi.

5/ To ina ruwan Kiyako? Lokacin babu Jigawa, sai 1991 aka ƙirƙiro ta. Birnin Kudu da Gwaram suna ƙarƙashin masarautar Kano, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Kuɗin talaka hanya ɗaya yake bi: mai unguwa, dagaci, hakimi, sarki, Baitulmali, Razdan na duba littafi.

6/ A nan kalmar "gudummawa" take ba ni dariya. Mutumin da ke karɓar harajinka da jangalin shanunka, shi ne ya zo ƙofar gidanka yana cewa Bature na neman taimako. Don Allah wa zai ce ba shi da hali? Wasu kam sun bayar da zuciya ɗaya, labarin Hitila ya isa ko'ina ta Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Zariya a 1939. Amma roƙon mai sanda ba roƙo ba ne.

7/ Kuma tsabar kuɗin ita ce ƙarama. Da Japan ta kama Malaya a 1942, Ingila ta rasa kuza, sai aka ɗebi dubban mutane daga lardunan Arewa zuwa aikin tilas a ramukan Jos har 1944. Sanyi da yunwa da cuta suka kashe da yawa. Gyaɗa kuma gwamnati ce ke yanka mata farashi. Wannan ma tallafin yaƙi ne, sai dai ba a rubuta shi a jikin jirgi ba.

8/ Su sojojin fa? Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, 'yan Arewa birjik a ciki, suka yi yaƙi a dazukan Bama. Sunayen barikokinmu daga can suka fito: Dalet a Kaduna, Chindit a Zariya, Myohaung da Arakan a Legas. Muna wuce su a Keke Napep ba mu sani ba.

9/ Yau abin da ya rage shi ne tambarin 'yan mazan jiya da ake ƙaddamarwa kafin 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970. Gwamna ya sanar da miliyoyi, a tafa, a ɗauki hoto. Matar sojan da aka kashe a Borno tana jiran haƙƙin mijinta.

10/ Abin da ya burge ni a gwanjon Amurkawa ba ƙarar injin ba ce. A bainar jama'a ake buga guduma, kowa ya ji adadin, kowa ya san inda za a kai. Muna da tamu tsohuwar: Peugeot 504 da aka fara haɗawa a Kaduna tun 1975, tana kwance a bayan gidaje kaji na ƙwai a ciki. Makanikan Birnin Kudu za su iya tada ta. Sharaɗi ɗaya: a karanta sunayen matan da za su karɓi kuɗin kafin a fara tayi.