Suna da Hanya: Tarihin Neman Magani ga Taɓin Hankali da Shaye-shaye a Ƙasar Hausa ta Nijar

A cikin wannan ɗan nazari muna so mu nuna cewa ƙofar da iyali ke zuwa, idan hankalin ɗansu ya gushe, ta dogara ga sunan da suka ba ciwon. Saboda haka tarihin neman magani a wannan fage yana tafiya tare da tarihin kalmomi.

Kafin zuwan Nasara, ƙofa biyu aka sani. Idan an ce "iskoki ne suka taɓa shi", sai a nufi ƴan bori a yi masa girka, wato a sasanta tsakaninsa da iskar, ya zauna da ita lafiya. Jacqueline Monfouga-Nicolas ta bayyana wannan a littafinta na 1972 kan borin ƙasar Maraɗi. Idan kuwa an ce "aljani ne" ko "sammu ne", sai a je wurin malam, a yi rubutun sha da tofi. Abin lura shi ne, a duka biyun ba a ɗora wa majinyaci laifi: abu ne ya zo masa daga waje, kuma dangi na tare da shi. Kalmar "mahaukaci" kuwa ana ajiye ta ne ga wanda aka fid da rai da warkewarsa, mai yawo a kasuwa ko wanda aka sa wa mari.

Mulkin Faransa ya fara kallon al'amarin ta fuskar tsaron gari. Tun daga 1897 an riƙa kwasar majinyata daga Senegal a jirgin ruwa zuwa gidan mahaukata na birnin Marsel, inda akasarinsu suka mutu. A Nijar, wajejen 1925, iskokin da ake kira Hauka sun bayyana a ƙasar Filinge suna kwaikwayon sojoji da kwamandojin Nasara, sai hukuma ta kama mabiyansu ta ɗaure. Ke nan abin da mutane suka ɗauka hawan iska, hukuma ta karanta shi tawaye.

Ƙofa ta uku ta buɗe sosai bayan 1952, lokacin da aka fara amfani da maganin Largactil a Faransa. A 1954 Thomas Lambo ya zaunar da majinyata tare da danginsu a ƙauyukan Aro, kusa da Abekuta. Daga 1959 Henri Collomb ya bi irin wannan hanya a likitar Fann ta Dakar, yana sauraron masu maganin gargajiya. A Nijar, sashen da aka fi sani shi ne "Pavillon E" na babbar likitar Yamai, har sunansa ya zama abin zolaya a bakin ƴan birni. Lafazin "taɓin hankali" ya dace da wannan ƙofa, domin ya mai da al'amarin ciwo mai magani. Sai dai ga mutumin karkarar Tawa ko Damagaram, tafiyar da nisa, kuma sau da yawa lokotoro na tambaya da Faransanci, tafinta na juyawa. Majinyaci ya ce "zuciyata ta ɓaci" ko "kaina na yawo", abin da ya isa takarda kuwa wani abu ne dabam.

Shaye-shaye ya fi kowanne rashin ƙofa. Bayan karya darajar kuɗin sefa a Janairun 1994, magani ya yi tsada a famasi, masu tallar ƙwayoyi suka yawaita a tasha da kasuwa. Daga baya tramol ya bazu tsakanin matasa masu aikin ƙarfi. Sunan da aka ba mai shansa, "ɗan ƙwaya", ba sunan majinyaci ba ne, sunan mai laifi ne. Shi ya sa hanyarsa kan ƙare a hannun jandarma, ko gidan kaso, ko gidan mari. A Satumban 2019 ƴan sandan Kaduna sun fito da mutum fiye da 300 daga wani irin wannan gida a Rigasa, da yawa da sarƙa a ƙafa. Iyayensu ne suka kai mafi yawansu, don ba su ga wata ƙofa ba.

Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP, domin ma'aikacin ƙaramar likita ya iya gane waɗannan cututtuka ya fara magani, kafin ya tura majinyaci gaba. Wannan ya matso da ƙofa kusa. Amma iyali ba za su je ba muddin sunan da suka sani na kunya ne.

A ganinmu, nan ne aikin masu ilimin harshe yake: tattara lafuzzan da majinyata da kansu ke amfani da su a Maraɗi, Damagaram da Tawa, a tantance ma'anarsu tare da ma'aikatan lafiya, sa'an nan a ba gidajen rediyon karkara da masu wa'azi kalmomin da ke kai mutum likita. Ɗaliban da ke neman batun bincike za su iya farawa daga kalma guda, "ɗan ƙwaya", su nemo abin da zai maye gurbinta.