Daga Sufurin Raƙumi zuwa Hayar Mota: Tarihin Ɗaukar Asara a Ƙasar Adar

Ƙasar Adar, wadda Tawa ce babban birninta a yau, ta daɗe tana zaman mahaɗa tsakanin manoman Hausa da makiyayan Azawak da ke arewa da ita, kuma garuruwa irin su Takanamat, da ke bakin iyakar noma da kiwo, sun rayu ne a kan musayar gero da dabbobi da gishiri. Tun daga ƙarshen ƙarni na 17, lokacin da Agabba, ɗan Sarkin Agadas, ya kafa sarautar Adar, hanyoyin ayari suka ƙara ɗaure yankin da Abzin a arewa da ƙasar Hausa a kudu. Da yake ba kowane falke ne ke da abin ɗaukar kaya nasa ba, sai sana'ar sufuri ta kafu, wato ba da raƙumi ko takarkari ko jaki domin ɗaukar kayan wani a kan lada sananne, kuma tun wancan zamani ake tambayar wanda zai ɗauki asara idan dabbar ta karye ko kayan suka salwanta.

Amsar da malamai da alƙalai suka riƙe ta fito ne daga fiƙihun Malikiyya, musamman Risalar Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Halil, waɗanda ake karantawa a zaurukan ilimi na yankin. A wannan mazhaba mai haya amintacce ne, ma'ana abin da ke hannunsa amana ce, don haka idan raƙumin ya mutu ba da laifinsa ba, asarar tana kan mai shi. Lamuni, wato wajabcin biya, yana hawa kansa ne idan ya yi ta'adi ko sakaci, kamar ya labta wa dabbar kayan da ya zarce abin da aka shirya, ko ya wuce zangon da aka ambata. Haka kuma an bambance hayar dabba ayyananniya, wadda mutuwarta ke warware ragowar yarjejeniyar, da jingar kai kaya wani gari, inda ya wajaba mai sufuri ya kawo wata dabbar ya cika alkawari. A aikace kuwa mai raƙumi ko yaronsa ne ke riƙe da akala har ƙarshen tafiya, wanda ya sa gardama kan sakaci ta ragu ƙwarai, tun da dukiyar ba ta bar idon mai ita ba.

Zuwan mota a zamanin mulkin Faransa, sannan shimfiɗa titin Tawa zuwa Arlit a ƙarshen shekarun 1970 saboda jigilar yuraniyom, ya mayar da sufuri daga zango zuwa tasha, kuma farin 1973 da na 1984, da suka hallaka garkuna masu yawa, sun gaggauta wannan sauyi. Duk da haka tsohuwar al'ada ba ta gushe ba, domin har yau wanda ya ɗauki shatar mota daga Tawa zuwa ƙauyukan arewa, don biki ko kai mara lafiya ko kwasar kayan kasuwa, yakan ɗauke ta ne da direbanta, yadda ake ɗaukar raƙumi da mai jansa. Abin da mota ta zo da shi sabo shi ne girman ɓarnar da take yi wa wanda ba ya cikin cinikin, kamar mai tafiya a ƙasa ko makiyayin da aka banke wa shanu, ɓarnar da dukiyar mai mota ɗaya ba ta cika iya biya ba.

Domin wannan ne ƙasashe suka wajabta inshora, wadda a Nijar aka fi kira asurans, wato yarjejeniyar da mai mota ke biyan kamfani kuɗi ƙayyadajje domin kamfanin ya biya diyya a madadinsa. Ingila ta wajabta ta a 1930, Faransa kuma a 1958, ita kuwa Nijar tana bin kundin inshora na ƙungiyar CIMA, wadda ƙasashen Afirka masu yawancin harshen Faransanci suka kafa a Yawunde a 1992, kundin ya fara aiki a 1995. Sashe na 200 na kundin ya ɗora inshorar a kan motar kanta, har ya shigar da alhakin duk wanda ke tuƙa ta ko take hannunsa, ko da ba mai ita ba ne. Sakamakon haka shi ne wanda ke da mota mai inshora a gida, idan ya hayi wata, takardarsa ba ta bin sa zuwa cikinta, sai in an rubuta hakan a yarjejeniyarsa, saɓanin abin da aka saba a Amurka, inda inshorar mutum kan rufe motar da ya haya. Takardar motar hayar ce ke aiki, shi ya sa ya kamata mai haya ya duba wa'adinta kafin ya karɓi makulli.

Wannan inshora ta dole tana biyan wanda aka cutar ne kawai, ba ta biyan raunin direba, ko kayan fataucin da aka loda, ko lalacewar motar da kanta, sai an sayi ƙarin kariya. Akwai kuma matsalar motar da aka yi wa inshora a matsayin ta gida amma ake ba da ita haya, abin da kamfani ke ɗauka a matsayin ɓoye gaskiyar haɗari, wanda kan jawo rage diyya ko rushe yarjejeniyar. Masu ƙyamar inshora saboda shubuhar riba da rashin tabbas sun sami wata ƙofa a takaful, tsarin taimakekeniya da aka fara a Sudan a 1979, wanda malamai ke kwatanta shi da yadda dangi ke haɗuwa su biya diyyar kisan kuskure.

Tun da inshorar dole ba ta biyan lalacewar motar, idan motar haya ta kafe a rairayi ko ta karya ƙafa a hanyar Takanamat, babu kamfanin da ake jira a mafi yawan lokuta, sai a koma gaban shugabannin tasha ko mai gari ko malami, a binciki ko an yi lodin da ya wuce kima, ko an bi hanyar da ba a shirya ba, kamar yadda ake bincike a kan raƙumi ƙarni uku da suka shige. Wannan gado yana da ƙima, amma yana buƙatar shaida, kuma injin mota ya fi ƙafar raƙumi wuyar gane inda laifi yake. Hakkin mai mota da na mai haya zai fi tsaruwa idan aka ambaci zango da nauyin kaya da wanda zai biya gyara, aka rubuta su a gaban shaidu tun motar ba ta bar tasha ba.