Daga keken doki zuwa MGB: tarihin sifirin ɗin baya da gyaransa

Duk wanda ya leƙa ƙarƙashin MGB, ƙaramar motar nan ta Ingila mai kujera biyu da aka ƙera a garin Abingdon daga 1962 zuwa 1980, zai ga abin da ya saba gani a ƙarƙashin a-kori-kura. Fallayen ƙarfe ne shida ko bakwai a jere, dogon a sama, gajerun suna bin sa a ƙasa, noti guda ya ratsa tsakiyarsu. An ƙera MGB fiye da 500,000, kuma dukkansu a kan irin wannan sifirin bayansu yake zaune. Masu riƙe da waɗanda suka rage a yau sun san sifirin ɗin ya tsufa, yana kwantawa, wani lokaci ya karye. Sanin inda ya fito shi ke nuna wa mutum dalilin karyewarsa, da dalilin da ya sa wani gyaran ke ɗorewa, wani kuma ganganci ne.

Asalinsa daga keken doki yake. A da, masu ƙera karusa a Turai suna rataye ɗakin fasinja ne da igiyoyin fata, ya riƙa lilo a saman wani dogon katako mai nauyi da ya haɗa ƙafafun gaba da na baya. A ƙarni na 17 aka fara sa fallayen ƙarfe su taimaka wa fatar. Babban sauyin ya zo a 1804, lokacin da wani maƙerin karusa a Landan, Obadiah Elliott, ya yi rajistar dabararsa ta ɗora jikin karusa kai tsaye a kan lanƙwasassun fallayen ƙarfe da aka ɗaure wa aksil, wato ƙarfen da ke haɗa ƙafafu biyu. Da wannan aka yar da dogon katakon nan, karusa ta yi sauƙi, ta sauko kusa da ƙasa, doki ya samu sarari. Da mota ta bayyana a ƙarshen ƙarni na 19, waɗannan masu karusa ne suka ƙera mata jiki, kuma abin da suka iya shi suka sa mata.

Abin da ya sa ya daɗe a mota shi ne yawan aikin da yake yi shi kaɗai. Yana ɗaukar nauyi, yana shanye gargadar hanya. Gogar da fallayen ke yi da juna tana rage tsalle-tsalle, tun kafin a san shokazoba. Sannan a farkon ƙarni na 20 kamfanin Hotchkiss na Faransa ya yayata wani tsari da har yau ake kira da sunansa: a bar sifirin ɗin da kansa ya riƙe aksil a mazauninsa. In injin ya tura tayoyi, ta cikinsa turin ke isa jikin mota. In an taka birki, shi ke hana aksil murɗewa. In an sha kwana, shi ke hana bayan mota zamewa daga kan aksil. Idonsa na gaba, wato zoben da aka naɗe a bakin babban falle, a kafe yake, na baya kuwa yana rataye a wani ɗan hannu mai lilo, domin in nauyi ya danne shi ya miƙe, tsawonsa ƙaruwa yake yi. Aikin da sai an haɗa ƙarafa huɗu ko biyar a wani tsarin, nan abu ɗaya ya gama shi, kuma da arha.

Kamfanin MG mai ƙera MGB, wanda Cecil Kimber ya ɗora a kan hanya, bai taɓa yin kuɗin da zai yi wasa da su ba. Motocinsa daga kayan motocin talakawa na Morris, daga baya na Austin, ake harhaɗa su. MG TC ta 1945, wadda ta buɗe wa kamfanin kasuwar Amurka, irin wannan sifirin gare ta gaba da baya. TD da ta gaje ta ta samu naɗaɗɗen sifirin a gaba, amma baya ya tsaya yadda yake, haka kuma a MGA ta 1955. Lokacin da Syd Enever da mutanensa ke tsara MGB, sun gwada naɗaɗɗen sifirin a baya, motar gwajin ba ta gamsar da su ba, suka koma wa abin da suka sani. A shekarar 1961 kuwa Jaguar ta riga ta fito da E-Type, wadda kowace tayar bayanta ke motsi da kanta. A ganina MG ba su yi kuskure ba. Motar da ake so malamin makaranta ko ƙaramin ma'aikaci ya iya saya, ya kuma iya gyarawa a ƙofar gidansa, ba ta bukatar abin da sai ƙwararre zai taɓa.

Wasu kamfanonin sun bi da sifirin ɗin ta wata hanya. Austin-Healey Sprite ta 1958 rabin sifirin aka sa mata, an kafe gindinsa a jikin mota, sai a 1964 aka koma cikakke. Triumph Spitfire guda ɗaya gare ta a gicciye, kuma tayar bayanta kan lanƙwashe ciki a kwana mai tsanani, har sai da aka sake tsarin a 1970. Corvette ta Amurka ma ta ɗauki na gicciye a 1963, a 1981 ta mai da shi falle ɗaya na roba mai zaren gilas.

MGB kanta ta sha canji a wannan wurin. Da aka fito da samfurinta na GT mai rufin ƙarfe a 1965, nauyinta ya sa aka ba ta sifirin mai tauri. A 1974 dokokin Amurka suka tilasta a sa mata manyan bamba na baƙar roba, a kuma ɗaga ta sama kaɗan. Motar ta riƙa karkata a kwana fiye da da, sai daga baya aka ƙara mata ƙarfen hana karkata a baya. Shi ya sa mai neman sabon sifirin a yau dole ya san shekarar motarsa da samfurinta, in ba haka ba bayan ya ɗage ko ya zauna.

Karyewar kuwa ba rana ɗaya take farawa ba. Injiniyan jirgin ƙasa na Jamus, August Wöhler, ya nuna tun a ƙarni na 19 cewa ƙarfen da ake ta lanƙwasawa ana saki yana gajiya, ya karye a ƙarƙashin nauyin da da can bai dame shi ba. A ƙasa kamar Ingila, inda ake zuba gishiri a titi lokacin sanyi, ruwa kan shiga tsakanin fallayen, tsatsa ta haƙa 'yan ramuka, daga ramin tsaga ta tashi. In ka duba bakin falle da ya karye, za ka ga wani sashe baƙi mai santsi da layuka kamar zobba, wannan tsohuwar tsaga ce da ta yi shekaru tana tafiya. Sauran kuma fari ne mai kaushi, shi ne ya rabu a ranar ƙarshe. Wurare biyu aka fi samun haka: kusa da idon babban falle, da kuma ramin notin tsakiya. Na biyun galibi laifin notunan da suka rungume aksil ne, in sun saki, sai tsakiyar da ya kamata ta zauna daram ta fara motsi. Gajeren falle in ya karye, mota kwantawa take yi gefe guda. Babban falle kuwa shi ke riƙe da aksil, in ya rabu ta gaba taya na iya ja baya, motar ta juya kanta da kanta.

Nan ne mutane da yawa ke garzayawa wurin mai walda, kuma nan ne nake roƙon a tsaya. Ƙarfen sifirin ba gama-gari ba ne. A Ingila an fi yin sa da wanda aka gauraya da silikon da manganis, a Amurka da mai kuromiyom. Ana gasa shi ya wuce digiri 800, a tsoma shi a mai, a sake ɗumama shi a wajen digiri 400 zuwa 500, don taurin ya ragu ya iya lanƙwasa ya dawo. Maƙeranmu da ke sayen tsohon sifirin ɗin babbar mota su ƙera adda da gatari sun fi kowa sanin abin da shayar da ƙarfe ke nufi. Wutar walda tana rushe wannan shayarwa: wani wurin ya yi laushi, gefensa ya yi taurin da ba ya jure bugu, sai ya sake karyewa dab da ɗinkin, yawanci a lokacin da mota ke gudu.

Gyaran da masu wannan sana'a suka gada daga zamanin karusa shi ne a sauke sifirin ɗin, a matse shi kafin a kwance notin tsakiya don kada fallayen su fallatsa, a kankare kowanne a duba. Wanda ya karye a yanko sabo daidai faɗinsa da kaurinsa, in babban falle ne a naɗe masa ido da zafinsa. Waɗanda suka kwanta a mai da musu lanƙwasarsu a sake shayar da su. Ana yin ɓangarori biyu tare, a sa sabon bushin da sabbin notuna, kuma ba a ƙarasa ɗaure notunan ido sai mota ta sauka daga kan jak, nauyinta ya hau tayoyinta, in ba haka ba robar bushin za ta zauna a murɗe ta yage da wuri. A MGB akwai ƙarin abin dubawa, domin ba ta da shasi daban, idon gaba a jikin motar yake ɗaure, kuma wurin na cin tsatsa. Sabon sifirin a ruɓaɓɓen mazauni aikin banza ne.

An rufe masana'antar Abingdon a watan Oktoba na 1980, amma kayan MGB ba su yanke ba. A 1988 kamfanin British Motor Heritage ya koma buga sabon jikinta da ainihin kayan aikin da aka yi na farko da su, kuma ana sayar da sabbin sifirin ɗinta har gobe. Wanda nasa ya karye, ya sayi sabbi guda biyu ko ya kai wa masu sana'ar su sake masa falle, amma kada ya bari sandar walda ta taɓa shi.