Gwanin Ninƙaya a Ma'aunin Hisabi: Daga Gulbin Gindi zuwa Gasar Olamfik

A ƙasar Jega da maƙwabtanta Aliero da Maiyama a jihar Kebbi, yankin da kogin Zamfara ke ratsawa da sunan Gulbin Gindi, an daɗe ana ɗaukar gwanintar ninƙaya a matsayin gado, musamman a gidajen Sarkawa, wato masuntan da suka gaji ruwa kaka da kakanni, waɗanda Sarkin Ruwansu ke riƙe da asirin gulbi. Wannan gwaninta ce ake bajewa a Kabanci, wasannin ruwa na bikin kamun kifi na Argungu, wanda ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ta 1934 ta ɗaukaka, UNESCO kuma ta sanya shi cikin al'adun duniya a 2016.

Malaman hisabi suna da nasu bayanin game da wannan gwaninta, domin sukan haɗa lissafin haruffan sunan mutum da na mahaifiyarsa su raba da 12, abin da ya rage ya nuna burujinsa, kowane buruji kuma yana ƙarƙashin ɗaya daga ɗabi'u huɗu: wuta, ƙasa, iska da ruwa. Saraɗan da Aƙrab da Hutu su ne na ruwa. Masu duban taurari na Turai, da ke ƙirgawa da ranar haihuwa, sukan kafa hujja da gwanin ninƙaya Michael Phelps na Amurka, wanda aka haifa ranar 30 ga Yuni 1985 a burujin Saraɗan, ya fara Olamfik a Sidni a 2000 yana ɗan shekara 15, ya ci zinare 8 a Beijin a 2008, ya yi ritaya a 2016 da lambobi 28, 23 daga ciki na zinare.

Sai dai Mark Spitz, wanda ya ci zinare 7 a ninƙaya a Munik a 1972, haihuwar 10 ga Fabrairu ne, burujin Dalwu na iska, abin da ke raunana hujjar, ga kuma hanin da malaman Musulunci suka yi ga jingina rabo ga taurari. Abin da tarihi ya tabbatar shi ne Phelps ya fara koyon ninƙaya yana ɗan shekara 7, ya kuma shafe shekaru a hannun mai horarwa guda, Bob Bowman. 'Ya'yan masuntan Kebbi sun riga sun saba da ruwa tun suna ƙanana. Abin da suke buƙata daga hukuma shi ne tafkin gasa mai mita 50 da ƙwararrun masu horarwa.