Wa ke buɗe wa masu ƙyamar baƙi ƙofar mulki?

A zaɓen 1928, kujeru 12 kacal jam'iyyar Nazi ta samu a majalisar dokokin Jamus. Da tattalin arzikin duniya ya durƙushe a 1929, rashin aikin yi ya yi katutu, sai kujerun suka koma 107 a 1930, suka kai 230 a Yulin 1932. Duk da haka ba ta kai rabin majalisa ba. 'Yan mazan jiya irin su Franz von Papen ne suka shawo kan Shugaba Hindenburg ya naɗa Hitler shugaban gwamnati ranar 30 ga Janairun 1933, bisa zaton linzaminsa zai zauna a hannunsu. Kafin wata biyu su cika, majalisa ta miƙa masa ikon yin doka shi kaɗai. Wakilan jam'iyyar SPD 94 ne kawai suka ƙi.

Turawa sun riƙe wannan darasi. Da Jean-Marie Le Pen ya kai zagaye na biyu na zaɓen shugaban Faransa a 2002, jama'a suka cika tituna, 'yan adawa suka mara wa Jacques Chirac baya, ya lashe da kashi 82 cikin ɗari. A Janairun 2024, dubban ɗaruruwan Jamusawa suka fito bayan an fallasa wani taro a Potsdam, inda wasu 'yan jam'iyyar AfD suka halarci tattaunawa kan korar baƙi. Amma AfD, wadda ta shiga majalisa da kujeru 94 a 2017, ta samu 152 a 2025. Zanga-zanga ba ta rage mata ƙuri'a ba. Abin da ya tare ta shi ne ƙin haɗa gwamnati da ita da sauran jam'iyyu suka yi.

Mu ma kada mu ce nesa ce. A Janairun 1983, farashin mai ya faɗi, zaɓe na tafe, sai gwamnatin Alhaji Shehu Shagari, ɗan garin Shagari, ta umarci baƙin da ba su da takardu su fice. Kusan 'yan Ghana miliyan ɗaya suka kama hanya, ga jakar "Ghana Must Go" nan shaida. Ba mu da jam'iyyar ƙyamar baƙi a majalisa, amma talauci ya tsaya a madadinta.

Ɗan Bodinga da ke fatauci a Kumasi ko karatu a Jamus baƙo ne a can. Duk ɗan takarar da ya ɗora laifin yunwarmu a kan maƙwabci, sai mu tuna da shi kafin mu dangwala.